Ƙusa Shida a Kowace Ƙafa

Lahadi, 9 ga Mayu 1999, ƙarfe bakwai na safe

Jiya Masaƙa United ta ci Mahuta biyu da ɗaya a cikin ruwan sama, ta haye zagaye na gaba a Kofin Farar Hula. Mu 'yan kasuwar Kakuri muka sa kofin, kuma za a buga wasan ƙarshe ranar 29 ga wata, ranar da soja za su miƙa mulki. Sunan shagona ne a ƙirjin jesin Masaƙa: SHEHU SPORTS. Jesin kyauta na ba su. But ɗin ƙafarsu kuma, na mutum goma sha shida, a wurina Koci Albert ya saya, na yi masa ragin da ba zai samu ba daga nan har Kasuwar Barci.

Kyaftin ɗinsu, Istifanus, shi ya ci ta biyun. Saura minti goma a tashi ya fita yana ɗingishi. Mutane sun ce kwalba ya taka. Filin nan cike yake da kwalabe, kowa ya sani.

Litinin, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Kwalba ce.

Talata, 11 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Koci Albert ya zo sayen safa. Ya zauna a bencina ya shanye min rabin lemo kamar kullum.

Ya ce, "Alhaji, yaran nan tunda suka sa but ɗinka ba a ci su ba. Ko ka kai wa malamanku ne aka tofa?"

Na ce, "Ƙarko ne kawai, Koci. Ku dai ku ci gaba da zuwa coci."

Ya yi dariya har da buga cinya. Da zai tashi ya ce Istifanus ya ce shi fa ba daga waje abin ya soke shi ba, daga cikin takalmin ne. Amma ya ɗaure ƙafar da tsumma ya tafi aiki, don in bai shiga masaƙa ba za a rubuta shi fashi. Awa takwas a tsaye gaban inji.

Na ce tsakuwa kan shiga.

Bari in rubuta yadda sana'ar nan take, don wanda bai sani ba ya sani. Kaya mai araha ba ya zuwa duka lafiya. A kowane katan sai ka samu wanda tafinsa ya ɗago tun ba a taka shi ba, gam ɗin banza suke sawa. Dokar Uchenna, wanda ke kawo min kaya daga Onica, ita ce: ka yanke harshen takalmin da reza, ka kai masa harsunan shaida, ya musanya maka da sabo. Gangar jikin kuma ka kai bola ka ƙone. Haka kowa ke yi. Takalmin da ba a taɓa sawa ba, a cinna masa wuta, a garin da rabin samari ke buga ƙwallo da silifas.

Ni ba na zubar da kaya. Shi ke nan abin da zan ce.

Alhamis, 13 ga Mayu, kafin Magariba

Yau wani ya tambaye ni wace jami'a na yi, wai don yadda nake rubuta rasit da Turanci. Na ce jami'ar ƙofar masaƙa. A aji uku na sakandare na tsaya. Shekara tara na yi a gindin dalbejiya ina gyaran takalman ma'aikata a ƙarƙashin Malam Ibrahim, har yanzu yana nan a wurin da akwatinsa. Babu wanda ya ba ni jari. Da basilla da zare na gina shagon nan, da su na je Makka.

Saboda haka in na ce takalmi ya gyaru, ya gyaru. Lahadi uku na kwashe a ɗakin baya, ƙofa a rufe. Na yanko sabbin harsuna na fata na ɗinka, ɗinkin da ya fi na masana'antar kyau. Tafin ya ƙi kama gam, sai na yi masa abin da ake yi wa kowane takalmi: ƙananan ƙusoshi, shida a kowace ƙafa, na lanƙwashe bakinsu a kan ƙarfe, na shimfiɗa soso a kai. Na yi wa takalma dubu haka. Babu wanda ya taɓa dawowa.

Koci bai tambaye ni ko daga katan suka fito kai tsaye ba. Ya ce, "Sabbi ne?" Na ce babu wanda ya taɓa sa su. Ƙarya na yi?

Asabar, 15 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

An kwantar da Istifanus a asibiti. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi a wurin aiki.

Ciniki ya yi kyau yau. Kowa na neman jesi kore da fari.

Litinin, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Dorcas, matar Istifanus, ta zo da but ɗinsa a baƙar leda, da goyo a bayanta. Ta rusuna ta gaishe ni.

Ta ce, "Alhaji, ku da kuka san takalmi, don Allah ku duba mana. Likita ya ce ƙarfe ne mai tsatsa ya shige shi, ni kuma na leƙa ban ga komai ba."

Na karɓi na hagun na zura hannu. Da na danna soson wajen yatsu, sai abu ya shige min ɗan yatsa. Na sa hannun a aljihu na dunƙule.

Na ce, "Ban ji komai ba. Ki bar min shi in mayar wa masu kamfani."

Ta ce a'a, maigidan ya ce kada a rabu da shi, da shi zai buga fainal. Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Mutumin da ba ya iya zuwa bayi da kansa, wai fainal." Ta ce za ta biya ta ƙofar masaƙa ta ba tsohon nan mai gyara, ko shi zai gani.

Na ce ba sai ta wahalar da kanta ba. Na faɗa sau biyu. Ta ce ai hanyarta ce.

Sai da ta sha kwana na fito da hannun. Aljihun farar shaddata ya ɓaci.

Talata, 18 ga Mayu, da safe

Robar tafin ce mai laushi. Ba laifin ɗinki ba ne.

Laraba, 19 ga Mayu, da hantsi

Na je kemis an yi min allura saboda yatsan. Mai kemis ya tambayi me ya soke ni. Na ce kwalba.

Alhamis, 20 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Malam Ibrahim ya zo. Tunda na buɗe shagon nan bai taɓa shigowa ciki ba, sai dai ya ɗaga min hannu daga titi. Yau ya shigo, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba. Ya jira kastoma ya fita, sannan ya buɗe tafin hannunsa. Ƙusoshi goma sha biyu, duk sun yi ja da tsatsa, uku sun miƙe tsaye.

Ya ce, "Shehu." Shi ba ya ce min Alhaji. "Ƙulli biyu a ƙarshen ɗinki, a koma baya da zare sau ɗaya. Mutum biyu ne ke yin haka a Kaduna, ni kuwa ban taɓa wannan takalmin ba sai ran Litinin."

Na ce, "Malam, ku kuka koya min kada a zubar da abin da zai gyaru."

Ya ce, "Na koya maka. Na koya maka buga ƙusa a fata, a takalmin mai zuwa ofis da dawowa. Yaushe na koya maka buga ta a roba, ka ba mai gudu da birki a cikin taɓo? Roba tana lanƙwasa, ƙusa ba ta lanƙwasa. Ruwa ya shiga, soso ya kwanta, ina kake so ta bi?"



Sannan ya ce, "Na mutum nawa ne?"

Na faɗa masa.

Ya daɗe yana kallon but ɗin da ke rataye a bango. Ya ce ya cire na Istifanus kaf ya mayar wa matar, ya ce mata ƙusa ce, bai ce mata ta wa ba. Ya ce shi ba zai faɗa ba, ba aikinsa ba ne. Ya zube ƙusoshin a kan kantata kusa da littafin rasit.

A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Saura ƙafa talatin. Damina kuma yanzu ta fara."

Na share ƙusoshin cikin aljihun tebur. Sannan na fito da su. Sannan na mayar.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan masallaci

Idan na buɗe baki, ba za a ce Shehu ya yi kuskure ba. Za a ce Alhaji ya sayar wa yaran masaƙa kayan bola. Rabinsu 'yan coci ne. Garin nan kuwa ba ya buƙatar babban dalili kafin rikici ya tashi, na gani da idona a baya. Ina da iyali a Kakuri, ina da shago mai ƙofar katako.

Wannan dalili ne na gaske. Ba don sunana nake faɗa ba.

Asabar, 22 ga Mayu, bayan Magariba

Wasan kusa da na ƙarshe, da 'yan Kakau. Na yi ta addu'a kada a yi ruwa, ba a yi ba. An ba ni kujera a inuwa. Wallahi ban ga ƙwallon ba, ƙafafu kawai nake kallo. 

Ana hutun rabin lokaci, Benson mai tsaron baya ya zauna ya cire na damansa, ya zazzage, ya leƙa, ya mayar. Ya taka, ya yamutsa fuska, ya koma fili.

Masaƙa ta ci ɗaya da nema. 'Yan kallo suka zagaye ni suna "Shehu Sports! Shehu Sports!" Shugaban kwamiti ya sanar a lasifika cewa ni zan miƙa kofi ranar fainal. Na ɗaga hannu. Hannun mai bandeji na ɗaga, sai na yi sauri na canza.

Litinin, 24 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na sami mafita, na ɗauka. Na je Sabon Tasha wurin Uchenna na zaɓo but masu kyau, waɗanda ake ɗinke tafinsu tun daga masana'anta, na mutum goma sha shida. Na san lambar ƙafar kowannensu a kaina. Na kira Koci shago na ce kyauta ce ta fainal, su kawo min tsofaffin in ajiye don tarihi.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ka san ƙwallo kuwa? Wa ke sa sabon but ranar fainal? Cizon ƙafa zai yi musu kafin minti ashirin. Kwana biyar ba ya isa ya saki. Ban da haka ma, waɗannan na sa'a ne. Benson ko wankewa ya hana a yi. Ka ajiye mana, bayan kofi za mu karɓa har da rawa."

Na ce tsofaffin sun gaji.

Ya ce, "Kayanka ne fa! Kai da bakinka ka ce shekara biyu." Ya nuna allon shagon: ARAHA DA ƘARKO. "Ko akwai wata magana ne?"

Ya tsaya yana kallona, da gaske yake tambaya. Fanka na juyawa. Na ce babu.

Talata, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Na je asibiti da lemo da madara. Warin ɗakin ya tare ni tun daga baranda. An ɗaga ƙafar a kan matashi, yatsu biyu sun yi baƙi.

Istifanus ya yi ƙoƙarin tashi zaune don ni. Ya ce, "Alhaji da kansa! Dorcas, ba Alhaji kujera." Ya ce ya ji ni zan miƙa kofi, to in riƙe shi da kyau, don ko da sanda zai zo ya karɓa. Ya ce masu kamfanin nan na ƙasar waje ba su da tsoron Allah, su bar ƙusa a takalmi su turo wa talaka, har su cuci mutumin kirki irina da ke saye a hannunsu.

Na ce haka ne.

Ya ce ya ba George aron but ɗin, shi zai buga a madadinsa, tunda tsohon ya cire ƙusoshin.  Dorcas kuwa yatsana take kallo.

Laraba, 26 ga Mayu, da rana

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse.

Alhamis, 27 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa tun safe. Kwata ta cika ta shigo har bakin shago.

An yanke wa Istifanus yatsun biyu. Likita ya ce an ceci ƙafar. Koci ne ya faɗa min, a tsaye a cikin ruwa, bai shigo shan lemo ba. Ya ce gaban inji dai zai iya komawa in an yarda, ƙwallo kam sai dai kallo. Shekararsa ashirin da shida.

Ni ba na zubar da kaya. Na rubuta wannan a littafin nan, na ga shi, na kasa ci gaba.

Juma'a, 28 ga Mayu, bayan masallaci

Har yanzu ana ruwa. Na sauko da tsohon akwatina na gyaran takalmi daga saman kabad. Filayar zare ƙusa tana nan.

Asabar, 29 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Kowane shago rediyo a kunne, ana rantsuwa a Abuja. Maƙwabcina mai sayar da kaset ya ce daga yau kowa zai faɗi abin da ke bakinsa ba mai kama shi. Na sa babbar rigata. Na cire. Na sa tsohuwar.

Wasa ƙarfe huɗu. Filin ya zama fadama.

Asabar, bayan Magariba

Na isa uku da rabi da tasi, katan biyu na sabbin takalman a bayan mota. 'Yan Masaƙa suna bayan raga suna motsa jiki, duk sun riga sun ɗaure takalma. Suna ganina suka fara waƙar sunana.

Na ce, "Benson, zauna. Ba ni na damanka."

Ya ce, "Alhaji, sa'ar fa?"

Na ce, "Ba ni."

Na durƙusa a cikin taɓo kamar yadda nake durƙusawa a ƙofar masaƙa. Na ɓare soson da filaya. Biyu sun riga sun miƙe, safarsa ta huje a daidai wurin, da busasshen jini. Na zare ɗaya na ɗaga sama kowa ya gani.

Koci ya ce, "Kai! Kamfanin nan..."

Na ce, "Ba kamfani ba ne. Ni ne. Kayan da aka ce in ƙone ne, na ɗinke su na buga musu ƙusa da hannuna, shida a kowace ƙafa, na sayar muku. Abin da ya soki Istifanus ke nan. Na sani tun ranar sha bakwai ga wata."

 Ana jin lasifika can tana gwaji.

Koci ya ce, "Ran Litinin na tambaye ka."

Na ce, "Ka tambaye ni."

"Ran Asabar ka zauna a inuwa kana kallo suna gudu a kai."

Na ce, "Na zauna."

George ya yo kaina, biyu suka riƙe shi. Wani daga baya ya fara wata magana mai wari, irin wadda nake tsoro. Koci ya juya ya daka masa tsawa: "Rufe min baki! Ba Alhazawa suka yi ba, wannan mutumin ne ya yi, ga shi nan a durƙushe." Sannan ya ce da yaransa, "Kowa ya cire."

Suka cire suka jefo gabana. Wasu ba gabana suka jefa ba, a jikina. Na buɗe katan na miƙa wa kowa lambarsa, ban yi kuskuren ko ɗaya ba, babu wanda ya ce an gode. Benson ne ya fara tuɓe jesinsa ya juya ta bai-bai ya mayar. Sauran suka bi. Haka suka shiga fili, ɗinki a waje, sunana a ciki.

Koci ya yi gaskiya, sabon but ya ci ƙafarsu. Kafin hutun rabin lokaci rabinsu na ɗingishi. An ci su uku da ɗaya. Wani ne ya miƙa kofin, ni ina bayan raga ina cusa takalma a buhu. Na ƙirga sau biyu: talatin da biyu, har da na Istifanus.

Babu wanda ƙusa ta soka yau.

Lahadi, 30 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An watsa wa allon shagon taɓo, ya rufe ƘARKO. Ban goge ba. Uchenna ya aiko cewa ba zai ƙara ba ni kaya ba, tunda na karɓi musanya na kuma sayar da gawar.

Na kai buhun bolar bayan layin dogo. Na yanka kowanne gida biyu, na zuba kananzir. Wasu samari suka taso suna, "Baba, kada ka ƙone, ba mu mana!" Na ce su matsa. Ban bar wurin ba sai da ya zama toka. Malam Ibrahim ya zo wucewa da akwatinsa, ya tsaya a gefena. Da wutar ta mutu ya ba ni maganaɗisun da yake tsince ƙusa da shi. Na bi tokar da shi kaf, don yara na bin wurin ba takalmi.

Yau na zubar da kaya.

Lahadi, bayan La'asar

Na aika a tambayi Dorcas ko zan iya zuwa gobe. Ta ce maigidan bai ce e ba, bai ce a'a ba, tun jiya fuskarsa na kallon bango. Ta ce in zan zo in zo, akwai benci a baranda, in zauna har sai ya kira ni, ko da kwana nawa ne.

Ta ce kada in zo da lemo.